Wa Ya Taɓa Asid Ɗin Jarrabawa?

Ranar Laraba da ƙarfe biyu na rana Farfesa ya buɗe kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, ya tsaya cak, ya rafka salatin da har ɗaliban da ke baranda suka ji.

Babbar kwalbar asid ɗin da za a yi jarrabawar aikin hannu da shi gobe da safe tana nan inda ya ajiye ta. Amma takardar da ya liƙe bakinta da ita, ya rattaba mata hannu da jan biro, an yage ta, an kuma yi ƙoƙarin mayar da ita, rabin sa hannun ya yi gabas rabi ya yi yamma. Asid ɗin ya ragu da kamar faɗin yatsa.

Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba, jarrabawar ba ta da wuyar fahimta. A ɗiba wa kowane ɗalibi kaɗan, ya surka shi da tataccen ruwa a kwalbar awo mai dogon wuya, ya riƙa ɗiga masa ruwan soda daga wani bututun gilashi mai lambobi da suke kira biret, har launi ya juya. Daga nan sai ya lissafo ƙarfin asid ɗin. To, wanda ya auna tun yau, ai ya gama jarrabawa tun bai shiga ba.

Kafin ƙarfe biyu da rabi sashen gaba ɗaya ya gama shari'a ya yanke hukunci. An ce masu ilimi ba sa magana sai da hujja. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a barandar jami'a ba.

Wadda aka ɗora wa laifin wata 'yar aji uku ce, gajera, mai tabarau, da ake kira Sannu-Sannu. Idan aji ya ƙirga ɗigon ruwa sau uku, ita sai ta ƙirga sau bakwai. Idan ana auna kaurin mai da agogon tsayarwa, kowa ya tattara ya tafi, ita tana nan tana jiran mai ya gama sauka. A ranar ma ita kaɗai ta rage a ɗakin bayan an tashi darasin safe. Makullin kabad kuwa yana rataye a ƙusa bayan ƙofar sito, asirin da babu wanda bai sani ba sai Farfesa, shi da yake zaton asiri ne.

"Ba za ki zauna jarrabawar gobe ba," in ji Farfesa, yana rufe ambulan. "Wannan wasiƙa ta kwamitin ladabtarwa ce. Ƙarfe huɗu za ta tafi. Kin kuma san kwamitin nan kalma ɗaya ya iya."

Kalmar kuwa kora ce.

* * *

Daga bakin famfo wata murya ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarfe huɗun."

Gwaggo ce, mai wankin kwalabe. Shekararta talatin da ɗaya tana wanke abin da masana suka ɓata. Ba ta da digiri, amma idan ta dubi tebur bayan darasi za ta faɗa maka wa ya zauna a nan, bahago ne ko badame, ya karya kumallo ko bai karya ba. Ɗalibai na ce mata Gwaggo Bin-Sawu, tun shekarar da ta bi ɗigon shuɗin magani daga hawa na uku har cikin jakar wani malami.

"Gwaggo, wannan ba maganar soso da sabulu ba ce."

"Komai na ɗakin nan maganar soso da sabulu ce, ranka ya daɗe. Sai dai in ba a kai ga wankin ba."

Kafin ya ba ta amsa mai shara ta ƙwalla ƙara. Ta tsoma tsummanta a bokitin ruwan sabulu ta goga a gefen tebur na shida, teburin Sannu-Sannu, sai siminti ya yi ruwan hoda kamar an zubar da janbaki.

"Tsaya! Kada ki ƙara gogawa," in ji Gwaggo.

Ta cika 'yar kwalbar fesa da ruwan soda marar ƙarfi ta durƙusa. Akwai wani magani da suke ɗigawa cikin asid, fari tas kamar ruwa, amma da ya haɗu da soda ko sabulu sai ya yi ruwan hoda. Wani ya zubar da shi a ƙasa, ya taka, ya bushe. Gwaggo na fesawa sawu na fitowa, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, na takalmin mace.

"Ga shi nan!" in ji 'yan baranda da ke leƙe ta taga. "Ƙafarta ce! Ƙasa ma ta ba da shaida!"

"Ƙafarta ce," in ji Gwaggo. "Amma ku da kuke karatun awo, ku auna mini. Ina sawun ya nufa?"

Daga tebur na shida ya miƙe zuwa ƙofar fita. Kabad yana can ɗaya ƙarshen, babu ko ɗigo a wajensa.

Farfesa ya gyara tabarau. "Tana iya zuwa kabad ɗin tun kafin ta zubar."

"Tana iya," in ji Gwaggo. Ba ta musu da gaskiya, ko daga bakin farfesa ta fito.

* * *

Ta ja yarinyar cikin sito ta zaunar da ita a kan kwalin safar hannu.

"Share hawayen, 'yar nan, tabarau ɗinki na yin hazo. Yaushe kika fita?"

"Sha biyu, Gwaggo. Kwalbar maganin launi ta kuɓuce mini, na goge da takarda, na ji kunya na tafi cin abinci. Na dawo ɗaya da kwata."

"Wa ya ba ki izinin zama?"

"Ƙaramin Malam."

"Da kika dawo, me kika ga ya canza?"

Ta yi tunani, a hankali, yadda take yin komai. "Bakin famfo na biyu a jiƙe yake. Ni kuwa na farko nake amfani da shi, na biyun ya yi mini tsawo."

"Yawwa. Kin wanke kayanki?"

Ta sunkuyar da kai. "Na bar miki su a cikin kwano."

"Kamar kullum. Allah ya shirye ku."

* * *

Na farko da jita-jita ta koma kansa, bayan sawu ya ƙi zuwa kabad, shi ne wanda ake kira Tsohon Aji. Wannan ne zuwansa na uku a darasin, har malamai na gaishe shi kafin ya gaishe su. An lura ƙafar wandonsa duk ƙananan huji ne irin na asid.

Gwaggo ta kama bakin wandon ta murza tsakanin yatsunta. "Wannan hujin ya sha wanki ya fi sau ashirin."

"Na bara ne, Gwaggo. Wancan na gwiwa kuma na bara waccan. Tarihina ke nan, a jikina nake yawo da shi."

"Ina kake tsakanin sha biyu da ɗaya?"

"Gindin bishiyar bayan laburare, ina barci da littafi a fuska. An ce ilimi na shiga ta haka."

"Ya shiga?"

"Ya yi sallama, bai tarar da kowa ba. Gwaggo, ki dube ni da kyau. Ni ko an rubuta mini amsar a tafin hannu, wajen kwafa zan ɓata ta. Wanda ya yi aikin nan cikin awa guda, ya surka, ya auna, ai gwani ne. Ki nemi gwani."

Wawa yakan faɗi magana mai nauyi, sai dai ba a cika ɗauka ba saboda bakin da ta fito. Gwaggo ta ɗauka.

* * *

Gwanin ajin kuwa Zakara ne, wanda ke ɗaga hannu tun malami bai gama tambaya ba. Mai shara ta ce ta gan shi a bakin ƙofar ɗakin wajen sha biyu da rabi, yana waige-waige.

"Ni? Haba Gwaggo! Ni da nake koya wa rabin aji, me zan yi da satar amsa?"

"Ban tambaye ka matsayinka ba. Me ya kai ka ƙofar?"

Ya shiga sosa ƙeya. Da ƙyar ya amsa cewa wayarsa ya bari tana caji a bayan na'urar auna tsami, abin da Farfesa ya rantse duk wanda ya kama yana yi sai ya raba shi da maki goma.

"Ka ɗauke ta?"

"Ina fa. Ƙofar a sakale take ta ciki. Na ƙwanƙwasa, shiru. Amma akwai mutum, don na ji famfo na zuba."

"Na tsawon yaya?"

"Ya daɗe. A buɗe, a rufe, a buɗe, a rufe. Har na ɗauka ke ce."

Gwaggo ta yi murmushi. "Je ka cire wayarka kafin ta zama hujja."

Ta tarar da Ƙaramin Malam a ƙofar ofishinsa. Matashi ne dogo, wata uku ke nan da ɗaukarsa aiki, shi ya haɗa asid ɗin makon jiya, shi kuma zai duba takardun jarrabawar. Yana sanye da farar rigar aiki da ta sha guga.

"Malam, kai ka ba yarinyar izini?"

"Ni ne, Gwaggo. Da na sani da ban ba ta ba. Wato, ba wai na ce ita ce ba. Ban dai sani ba." Ya goge goshi. "Yau akwai zafi."

"Akwai," in ji Gwaggo, duk da fankar da ke kaɗawa a kansa.

* * *

Ta koma ɗakin ita kaɗai, ta tsaya gaban kantar gilasai. Kwalaben awo sittin, ita ta wanke su ranar Litinin, ta jera, suka bushe ƙayau. Ta bi su da yatsa. Ta goma sha bakwai da sanyi a jikinta. Ta ɗaga ta wajen haske: akwai danshi a ciki, amma babu ɗigo ko ɗaya da ya maƙale a gilashin, alamar wankin da ya amsa sunansa. A tsakanin marfin gilashin da wuyan kwalbar kuma an saƙala wata 'yar siririyar takardar tacewa, an yanke ta daidai kamar da ma'auni.

Gwaggo ba ta sa takarda. Ita zare take ɗaure marfi da shi a wuyan kwalba. Ɗalibai kuwa, in sun tuna sun mayar da marfin ma, ranar sai a yi musu barka.

Ta sa kwalbar a aljihun rigarta, ta ɗauko wasu biyar ta shafa musu datti da gangan.

* * *

Ƙarfe huɗu saura kwata ta tara su a gaban famfo: Farfesa, Ƙaramin Malam, Zakara, Tsohon Aji da Sannu-Sannu. Sauran jama'a suka cika tagogi.

"Kin gano?" in ji Farfesa.

"Saura kaɗan. Amma wuyan hannuna ya riƙe, ga kwalabe biyar da ake bukata gobe. Kowa ya taimaka mini da ɗaya, ina magana kuna wankewa."

"Har da ni?"

"An ce ka yi shekara shida a ƙasar waje kana wannan aikin, ranka ya daɗe. Yara su ga yadda ake yi."

Babu yadda ya iya da tagogi cike da idanu. Ya naɗe hannun riga.

Gwaggo ta shiga ba da labarin sawu da famfo da wando, tana jan magana, idonta kuwa na kan hannuwa. Tsohon Aji ya cika tasa da ruwa ya zubar, ya ce ta fita. Zakara ya zazzaga sabulu har kumfa ta hau masa gwiwar hannu, ya ɗauraye sau ɗaya ya ajiye, marfin a can bakin famfo. Farfesa ya toshe bakin da babban yatsa ya girgiza, ruwa ya tsartu masa a wuyan riga, aka ji wani a taga ya shaƙe dariya. Sannu-Sannu tana ta neman burushin da zai shiga wuyan.

Ƙaramin Malam hankalinsa duk yana kan bakin Gwaggo, hannuwansa na aikinsu su kaɗai. Sabulu kaɗan. Ruwan famfo sau uku, a buɗe, a rufe. Tataccen ruwa sau uku, yana mirgina kwalbar a kwance. Ya ɗaga ta wajen haske. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar tacewa, ya yagi siririn yanki, ya saƙala a wuya, ya ɗora marfi.

Gwaggo ta matso. Ta fito da ta aljihunta ta ajiye kusa da tasa.

Kamar tagwaye.

"Malam, mece ce amfanin takardar nan?"

"Don kada marfin ya liƙe ne in ya bushe. Malaminmu a jami'ar da na yi karatu ya ce duk wanda ya..." Ya dubi kwalaben biyu.

"Wannan ta biyun a jiƙe na same ta cikin busassu," in ji Gwaggo. "Shekara talatin da ɗaya ina jiran ranar da ɗalibi zai wanke kwalba haka. Da ɗalibi ne ya yi satar nan, da a kwano zan tarar da kayan aikinsa, ya bar mini. Hali zanen dutse, Malam. Ka iya sakale ƙofa, amma ka kasa barin gilashi da datti."

Ƙaramin Malam ya zauna a kan kujerar da ba a ba shi ba.

"Amma kai ka haɗa asid ɗin!" in ji Farfesa. "Kai ke da amsar! Wane irin ɓarawo ne zai fasa gidansa?"

"Ba ni da ita, ranka ya daɗe." Muryar kamar ta ɗan tsako. "Na rubuta a 'yar takarda na sa a aljihun rigar aiki, da nufin in kwafe a littafi. Ranar Asabar mahaifiyata ta zo, ta ga rigar a rataye, ta ce ɗanta malamin jami'a ba zai sa wannan ba. Ta jiƙa ta kwana guda."

"Ka kasa zuwa ka faɗa mini?"

"Ranar da na fara aiki ka ce mai rubuta sakamako a guntun takarda bai cancanci riƙe biret ba. Na ce bari in sake aunawa a ɓoye in mayar da liƙin. Sai ya yage."

Tsohon Aji ya dafa kafaɗarsa. "Malam, barka da zuwa cikinmu."

Tagogi suka fashe da dariya. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba.

"Ɓatan takarda ba komai ba ne, uwa ta wanke riga, Allah ya saka mata. Fasa liƙi ma tsoro ne. Amma awa biyu kana tsaye ana yanka yarinyar nan da wuƙarka, kana cewa akwai zafi. Wannan fa?"

Dariyar ta mutu. Ƙaramin Malam ya kasa ɗaga ido.

Farfesa ya yi gyaran murya, ya shafa aljihunsa, ya sake shafawa. "Wasiƙar... Gaskiya tun uku da rabi na ba masinja. Na ga kamar babu abin jira."

Sannu-Sannu ta saki burushi ya faɗi cikin kwano.

"In sakataren kwamiti ya buga mata hatimi, ko ni ban isa in janye ba," in ji Farfesa. "Sai an zauna."

"Masinja da ƙafa ya tafi ko da keke?" in ji Gwaggo.

"Da ƙafa."

"To, ba ya wuce mai shayin bakin laburare bai tsaya ba. Malam, Allah ya ba ka dogayen ƙafafu. Yau ranarsu ce."

Wanda duk yake harabar jami'ar a yammacin nan ya ga wani dogon mutum cikin farar riga yana tsallake furanni, ɗalibai na bin sa da tafi ba su ma san dalili ba. A matakalar ofishin kwamiti ya cim ma masinja, yana goge baki. Ya dawo yana haki, takalmi ɗaya a hannu, ambulan a ɗaya hannun, ba a buɗe ba.

Farfesa ya karɓa ya miƙa wa yarinyar. Neman gafara ba ya cikin darussan da ya karanta, amma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. "An yi gaggawa," in ji shi. Gwaggo ta yi tari. "Na yi gaggawa. Me kike so a yi masa? In kin ce a rubuta wata wasiƙar, ga biro."

Sannu-Sannu ta daɗe tana juya ambulan ɗin. Ƙaramin Malam yana tsaye da takalminsa a hannu.

"Kada a rubuta, ranka ya daɗe. Na ga yadda take da nauyi. Amma a baranda aka kira ni ɓarauniya, mutum sittin suna ji. Gobe kafin a raba kwalabe, ya tsaya gaban aji ya faɗa da bakinsa. Duka. Har da rigar."

"Har da rigar?" in ji Ƙaramin Malam.

"Musamman rigar," in ji Farfesa. "Yanzu kuma ka zubar da wancan ka haɗa sabo, ina tsaye a kanka."

Washegari ƙarfe takwas ɗalibai sittin na tsaye a bakin teburansu. Ƙaramin Malam ya fito gaban allo ya faɗi komai, bai rage ba. Da ya zo kan mahaifiyarsa aka yi dariya, da ya zo kan awa biyun da ya yi shiru aka yi tsit. Sannan ya ɗauki kwalbar farko da hannu biyu, ya ratsa ɗakin har tebur na shida, ya ajiye a gaban Sannu-Sannu.

"Na gode, Malam," in ji ta. "Ɗan matsa, kana tare mini haske."